Fashin Baƙi: Me Ke Sa Kompaila Ta Kasa Ganin Ƙunshin Da Aka Ce Nata Ne?

Ta yaya kompaila, manhajar da ke juya kod zuwa umarnin kwamfuta, za ta ce ba ta san ƙunshin da aka ce tare suke zuwa ba? Tambayar nan ta yawaita a bakin masu koyon harshen rubuta manhaja na Go tun daga ƙarshen 2023. Ɗalibi ya sauke aiki daga GitHub, ko ya bi darasi sau da ƙafa, ya buga `go build`, sai allo ya amsa masa da layi guda:

`package slices is not in GOROOT (/usr/lib/go-1.18/src/slices)`

A sababbin sigogi kalaman sun ɗan sauya, akan ga `is not in std`, amma maganar ɗaya ce. Abin da ke ɗaure wa mutum kai shi ne, in ya leƙa shafin Go zai ga `slices` a jere da `fmt` da `os` da `strings`, cikin kayan da harshen ke zuwa da su. Malamin da ke cikin bidiyo bai sauke komai ba, nasa ya tashi lafiya lau. Daga nan sai zargi ya fara: ko kwamfutar ce ta tsufa, ko intanet ne ya yanke ana cikin saukewa, ko kuma shi ne ba shi da kan wannan aiki. Na ga wanda ya goge Go ya sake saukewa har sau uku, na ga wanda ya sake ɗora Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa, gaba ɗaya, kuma kuskuren ya dawo yana jiransa a inda ya bar shi. Ga mai sayen data da guminsa, wannan asara ce ta gaske, kuma babu wani dalilin da zai sa a yi ta.

## Kompaila, ƙunshi da rumbun asali

Kompaila manhaja ce da ke ɗaukar kod ɗin da mutum ya rubuta ta juya shi zuwa umarnin da injin kwamfuta ke iya aiwatarwa. Ƙunshi kuwa tarin kod ne da aka riga aka rubuta don wani aiki, kamar karanta fayil, ko jera lambobi, ko magana da saba. Mai rubuta manhaja ba ya sake ƙirƙiro waɗannan, kiransu kawai yake yi da `import`.

Ƙunshe-ƙunshen kashi biyu ne. Akwai na waje, waɗanda wasu mutane ko kamfanoni suka rubuta suka ajiye a intanet, sai an sauko da su. Akwai kuma na gida, waɗanda masu harshen da kansu ke rubutawa su haɗo su da kompaila. Tarin na gidan nan shi zan riƙa kira rumbun asali.

Wanda ya taɓa sayen sabon keken ɗinki ya san akwai 'yan kayan da ake haɗowa a cikin kwalin: allurai, ƙwarƙwaro, sukudireba, 'yar gorar mai. Zare da yadi kuwa kasuwa ake zuwa. To amma kayan cikin kwalin na wannan samfurin keken ne. Idan kamfani ya ƙara wata sabuwar ƙafa a kwalin keken bana, wanda ya sayi na shekaru uku da suka wuce ba zai buɗe akwatinsa ya tarar da ita ba. Nan ne inda yawancin mutane ke kuskuren fahimta. Suna ɗaukar rumbun asali abu ɗaya ne tsayayye, alhali kowace sigar kompaila da nata rumbun. Ana ƙara masa kaya, a wasu harsunan ma ana ragewa.

## Yadda Go ke yanke hukuncin inda zai nema

Go na da wata ƙa'ida mai sauƙi wadda kusan babu darasin 'yan farko da ke bayyana ta. Idan ya ga `import`, yana duba ɓangaren farko na sunan, kafin alamar `/` ta farko. In akwai ɗigo a ciki, kamar `github.com/...` ko `golang.org/x/...`, ya san wannan adireshi ne na waje. In babu ɗigo, kuma sunan bai yi daidai da na modul ɗin da ake aiki a cikinsa ba (wato aikin da mutum ke rubutawa, wanda Go ya sani da suna guda), sai ya ɗauka na rumbun asali ne, ya tafi foldar da aka girka Go, ya shiga `src` ya nema. Wannan folda ita ake kira GOROOT.

Saboda haka saƙon kuskuren ba cewa yake yi rumbun ya lalace ba. Cewa yake yi: sunan nan ba shi da ɗigo, na je wuri kaza na duba, ban gani ba. Kuma ya faɗi wurin. A misalin da ke sama an rubuta `go-1.18` ɓaro-ɓaro a cikin adireshin. Amsar tana cikin saƙon, sai dai ido kan tsaya a kan kalmomin farko, ya tsallake abin da ke biye.

Wannan ƙa'idar ce kuma ta sa `go get slices` ba ya aiki. Umarnin na sauko da kayan waje ne, sai ya mayar da amsa cewa babu ɗigo a ɓangaren farko na sunan. Ba a sauke ƙunshin gida shi kaɗai. Ko dai kompailarka ta zo da shi, ko ba ta zo da shi ba.

## Dalilin da ya fi yawa: kompailar ta girmi ƙunshin

Go na fitar da sabuwar siga sau biyu a shekara, a Fabrairu da Agusta, kuma sau da yawa da sabon kaya a rumbu. A Fabrairun 2021 siga 1.16 ta zo da `embed` da `io/fs`. A Maris na 2022 siga 1.18 ta kawo damar rubuta kod guda da zai yi aiki a kan nau'o'in bayanai daban-daban, sauyi mafi girma da harshen ya gani tun Go 1 na 2012. Wannan damar ce ta buɗe hanya ga siga 1.21, wadda ta fito a Agustan 2023 da `slices` da `maps` da `cmp`, tare da `log/slog` na rubuta bayanan aiki. Sai `math/rand/v2` a 1.22 cikin Fabrairun 2024, sai `iter` da `unique` a 1.23 cikin Agustan shekarar.

Kayan 1.21 sun samu karɓuwa da sauri domin ayyuka ne na yau da kullum: duba ko abu na cikin jeri, jera shi, kwatanta biyu. Cikin 'yan watanni manyan ƙunshe-ƙunshen waje suka fara dogara a kansu. Shi ya sa mutum zai iya cin karo da kuskuren ko da bai taɓa rubuta `import "slices"` da hannunsa ba. Wani ƙunshin da ya jawo ne ya kira shi, ko ma wanda wancan ya jawo.

Yanzu a dubi ɗaya ɓangaren. Mai amfani da Ubuntu 22.04, wadda ta fito a Afrilun 2022, in ya buga `sudo apt install golang-go`, Go 1.18 zai samu. Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da Go 1.19, wata biyu kacal kafin 1.21. Ubuntu 24.04 ta zo da 1.22, don haka tana da `slices` amma ba ta da `iter`. Masu Windows da ke aiki ta cikin WSL, hanyar gudanar da Linux a cikin Windows, su ma galibi Ubuntu ce a ƙarƙashinsu, saboda haka abin ya shafe su.

Ga abin da ke sa mutane zagaye wuri ɗaya: `sudo apt update` da `sudo apt upgrade` ba sa ɗaga Go daga 1.18 zuwa 1.21. Gyare-gyaren wannan sigar kaɗai suke kawowa. Sai `apt`, mai girka manhajoji a Ubuntu da Debian, ya ce maka kana da mafi sabuwar siga, kuma gaskiya ya faɗa, mafi sabuwa a ma'ajiyarsa. Mai goge Go ya sake ɗorawa ta wannan hanya, abin da ya goge shi yake sake saukewa.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure da ya kamata a sani. Wani lokaci ƙunshin yana nan, aikin da ake nema a cikinsa ne bai iso ba tukuna. `slices.Concat` a 1.22 ya shigo, `maps.Keys` kuwa sai a 1.23. Mai 1.21 da ya kira su zai ga `undefined`, ba `is not in std` ba, amma ciwon ɗaya ne. Shafin pkg.go.dev na rubuta sigar da aka ƙara aiki a gefensa, kuma duba wannan ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Sannan akwai wani saƙo da ke ɓatar da mutane sosai. Idan fayil ɗin `go.mod`, wanda ke ɗauke da sunan aiki da sigar Go da yake buƙata, ya ce `go 1.21.0`, da lambobi uku, tsohuwar kompaila kan amsa da `must match format 1.23`. Mutane da yawa sun karanta wannan a matsayin ana buƙatar Go 1.23. Ba haka ba ne. Lambar misali ce kawai ta tsarin rubutu mai lambobi biyu. Kompailar ta tsufa ne har ba ta gane sabon salon rubuta siga.

## Kompaila biyu a gida ɗaya

A ce mutum ya gane matsalar, ya je go.dev ya sauke sabuwar siga, ya warware ta a `/usr/local/go`. Ya sake gwadawa, kuskuren na nan. A nan ne hankali ke tashi, kuma a nan ne ya kamata a natsu.

Idan aka buga `go` a taminal, babbar manhaja na bin wani jerin foldoji da ake kira PATH, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki `go` na farko da ta tarar. In tsohon da `apt` ya girka yana `/usr/bin`, kuma an liƙa `/usr/local/go/bin` a ƙarshen jerin, tsohon ne zai ci gaba da amsawa. Sabuwar na zaune a kwamfutar, babu mai kiranta. Umarnin `type -a go` na nuna dukkan waɗanda ke akwai bisa jerin da ake binsu, `go version` kuma na faɗin wanda ya amsa. A Windows `where go` ke wannan aiki.

Wata matsalar ta tsofaffin darussa ce. Da can akan ce wa mutum ya rubuta `export GOROOT=...` a `.bashrc` ko `.zshrc`. Tun siga 1.9 ta 2017 umarnin `go` ke gano gidansa da kansa daga inda aka kira shi, don haka yawancin mutane ba sa buƙatar wannan layi. Amma layin na nan kwance a fayilolin mutane da yawa, yana nuna tsohuwar folda. Sakamakon shi ne sabuwar kompaila na laluben tsohon rumbu. Wani lokaci ta ce ba ta ga ƙunshi ba, wani lokaci ta ce sigar kayan aikinta ba ta dace da tata ba. `go env GOROOT` zai nuna inda take dubawa. In bai yi daidai da abin da `go version` ya faɗa ba, an kama bakin zaren, kuma maganin shi ne a cire layin a buɗe sabon taminal.

Shafin girka Go ya yi gargaɗi a fili cewa kada a warware sabuwar siga a kan tsohuwar `/usr/local/go`, sai an goge tsohuwar tukuna. Dalili shi ne fayilolin da aka cire a sabuwar siga za su ci gaba da zama, su cakuɗe da sababbi, a samu rumbun da ba na kowa ba. Wannan shi ne kusan yanayi ɗaya tilo da gogewa da sake girkawa ke zama magani na gaskiya.

Kada kuma a manta cewa manhajar rubuta kod, irin su VS Code ko GoLand, na iya kallon wata kompailar daban da ta taminal. Haka Docker, manhajar da ke gudanar da aiki a keɓaɓɓen muhalli da ake kira kwantena: in layin farko na `Dockerfile` ya ce `golang:1.20`, duk abin da ke kan kwamfutarka bai shafi abin da ke faruwa a cikin kwantenar ba. Haka injin da ke gwada kod a GitHub. Duk lokacin da aka ji "a wurina yana aiki, a can ba ya yi", a fara da tambayar sigar da kowane ɓangare ke gudanarwa.

## Idan ƙunshin naka ne

Wannan ya fi kama 'yan farko. Mutum ya buɗe folda a cikin aikinsa ya sa mata suna `lissafi`, ya rubuta `import "lissafi"`, sai Go ya ce `package lissafi is not in std`. Sai ya yi mamaki, wa ya ce masa a rumbun asali yake? Ƙa'idar ɗigo ce ta yi aikinta. Sunan ba shi da ɗigo, Go ya ɗauka na gida ne.

Tsarin modul ya shigo a siga 1.11 cikin 2018, ya zama wanda ake bi kai tsaye a 1.16. A ƙarƙashinsa kowane aiki na buƙatar fayil ɗin `go.mod` a tushensa, wanda `go mod init` ke ƙirƙirowa. In an sa wa modul suna `kanti`, to hanyar kiran foldar ita ce `import "kanti/lissafi"`. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin abin da ke cikin `go.mod` da abin da ke cikin `import`, ko babban baƙi a maimakon ƙarami, kuskuren zai dawo. Haka in an buɗe taminal a wata foldar da ke wajen modul ɗin.

Akwai shawarar da ke yawo cewa a kashe tsarin modul da `GO111MODULE=off`. Ban goyi bayanta ba. Tana mayar da mutum tsohon tsarin GOPATH, ta rufe bakin kuskure ɗaya, ta buɗe wasu a gaba, domin kusan duk kod ɗin da ake rubutawa yanzu da modul aka gina shi. Wanda ya riga ya yi hakan da `go env -w` zai iya janyewa da `go env -u GO111MODULE`.

## Laifin wa ne, masu Go ko masu Ubuntu?

Kowane ɓangare na da hujjarsa, kuma hujjojin na da nauyi.

Masu Debian da Ubuntu alkawarin kwanciyar hankali suka yi. Banki ko asibitin da ya ɗora Ubuntu 22.04 na son abin da ya yi aiki yau ya yi aiki bayan shekara huɗu ba tare da an sauya masa kompaila a ƙarƙashinsa ba. Ban da haka, da wannan Go ɗin suke gina wasu manhajojin da ke ma'ajiyarsu. Sauya shi na nufin sake gina su da sake gwada su duka.

Masu Go kuwa sigogi biyu na baya-bayan nan kaɗai suke kula da su. Wato 1.18 ta fita daga kulawarsu tun Fabrairun 2023, lokacin da 1.20 ta fito, alhali Ubuntu 22.04 na da tallafi har 2027. Hujjarsu ita ce alkawarin da suka ɗauka tun Go 1: kod ɗin da ya yi aiki a tsohuwar siga zai ci gaba da aiki a sabuwa. In haka ne, a ganinsu, babu dalilin zama a baya.

Ni a ganina kuskuren ba a ɗayansu yake ba, a wajen koyarwa yake. Go ɗin da ke cikin `apt` an ajiye shi ne don hidimar babbar manhajar, ba don mai koyon da ke bin darasin bana ba. Malamin da ya ce wa ɗalibai "ku girka Go" bai faɗi siga ba, bai faɗi daga ina ba, ya bar musu rami a hanya.

Masu Go sun yi ƙoƙarin toshe ramin a 1.21. Kafin nan layin `go` da ke cikin `go.mod` kamar shawara yake: tsohuwar kompaila za ta gwada aikin, in ya faɗi ta fitar da kuskuren da ba ya nuna ainihin dalili. Daga 1.21 layin ya zama sharaɗi. In aiki ya nemi sigar da ta fi wadda kake da ita, umarnin `go` zai sauko da wadda ake buƙata da kansa, ya tantance ta, ya yi aiki da ita. Abin da ke kula da wannan shi ne GOTOOLCHAIN.

Wannan ma bai rasa masu suka ba. Wasu ba sa son kompaila ta riƙa sauko da wata kompailar ba da izini ba, musamman a wuraren da ake son sanin takamaiman abin da aka yi gini da shi. Hotunan Docker na Go na hukuma sun kashe wannan ɗabi'a, sun sa `GOTOOLCHAIN=local`, don haka a can saƙo kawai za ka gani cewa `go.mod` na buƙatar siga kaza kai kuma kana da kaza. Ga mai ƙaramar data akwai abin lura: kowace siga megabait sittin zuwa saba'in da wani abu ce, kuma in kana buɗe ayyukan mutane daban-daban za ka iya tara sigogi da yawa ba ka sani ba. Duk da haka na fi son wannan tsari a kan na da. Saƙon da ya ce maka kompailarka ta tsufa ya fi wanda ya ce ƙunshi ya ɓace, domin na farkon ya nuna maka inda za ka dosa.

## Sauran harsuna, inda ake cire kaya daga rumbu

A Go ƙari ake yi, don haka tsohuwar kompaila ce ke rasa kaya. A Python abin ya juya: sabuwar ce ke rasawa. An yi shelar janye `distutils`, kayan gida na ginawa da girka ƙunshe-ƙunshe, tun siga 3.10, aka cire shi a 3.12 da ta fito a Oktoban 2023. Ubuntu 24.04 da 3.12 ta zo, sai ga tsofaffin ayyuka na faɗuwa da `No module named 'distutils'`. Abin ya taɓa har masu JavaScript, domin tsofaffin sigogin `node-gyp` na kiransa a bayan fage. Girka `setuptools` kan rufe giɓin, amma ana kukan targaɗe sai ga karaya: a 3.12 ɗin ne kuma aka daina sa `setuptools` kai tsaye cikin sabon keɓaɓɓen muhallin aiki na `venv`. A Oktoban 2024 siga 3.13 ta cire tsofaffin modul 19, wato kayan rumbun asalin Python, ciki har da `cgi` da `telnetlib` da `imghdr` da `crypt`, bisa shawarar PEP 594. Hujjar masu kula da harshen ita ce babu isassun hannayen da za su riƙa gyara kayan da zamaninsu ya wuce. Masu tsofaffin manhajoji da ke aiki lafiya kuwa sun ga an ɗora musu aikin da ba su nema ba.

Python na da wasu hanyoyi biyu na rasa kayan gida. Debian da Ubuntu na rarraba rumbun gida-gida, sai ka girka `python3-tk` kafin `tkinter` ya samu, `python3-venv` kafin `venv` ya yi aiki. Wanda kuma ya gina Python daga tushe ba tare da `libssl-dev` ko `libsqlite3-dev` ko `libffi-dev` ba, zai samu Python da ke tashi amma babu `_ssl` ko `_sqlite3` ko `_ctypes`. Maganinsa a girka waɗannan a sake ginin.

Java ta yi irin wannan a siga 11 ta 2018, inda aka cire `javax.xml.bind` da 'yan'uwansa, suka koma kayan waje.

A Rust, in aka ga kuskure mai lamba E0463 yana cewa bai ga `std` ko `core` ba, galibi ana ƙoƙarin gini ne don wani injin daban, kamar WebAssembly ko ƙaramin guntun lantarki. Kowane inji da nasa rumbun da aka riga aka gina, kuma `rustup target add` ke sauko da shi. Wasu ƙananan injinan ba su da `std` kwata-kwata, `core` kaɗai, sai an rubuta kod ɗin da sanin haka.

Na C++ ya fi ɓoyewa. A Linux, Clang kan ari rumbun GCC (dukansu kompaila ne na C++), kuma yakan zaɓi foldar GCC mafi sabuwa da ya gani. A Ubuntu 22.04 yakan faru wani abu ya jawo `gcc-12` alhali kayan C++ da ke kwamfutar na siga 11 ne. Sai Clang ya shiga foldar 12, ya ce bai ga `iostream` ba, fayil ɗin da kowane ɗalibi ke kira a ranarsa ta farko. `clang++ -v` na nuna foldar da ya zaɓa, girka `libstdc++-12-dev` kuma na warware matsalar.

## Haɗarin sauke abu don sunansa ya yi kama

Wannan ɓangaren ya fi damuna. Mutumin da ya gaji da kuskure zai gwada duk abin da ya zo hannu, kuma abu na farko shi ne ya buga `pip install` da sunan da aka ce ya ɓace. A Satumban 2017 hukumar tsaron intanet ta ƙasar Sulobakiya ta gano ƙunshe-ƙunshe goma na bogi a PyPI, ma'ajiyar kayan Python. Cikin sunayen akwai `urllib` da `crypt` da `pwd`, duk sunayen modul na rumbun asali a lokacin. Wanda ya girka su, ana aika sunan da yake amfani da shi da sunan kwamfutarsa zuwa wata saba. Bayan nan masu PyPI suka hana rajistar sunayen kayan gida, amma dabarar kwaikwayon suna ba ta mutu ba, a PyPI ko a npm, ma'ajiyar kayan JavaScript. Garin neman gira a rasa ido ke nan, kuma kwamfutar mai rubuta manhaja galibi cike take da mabuɗan sabar mutanen da yake wa aiki.

Haka kwafo foldar `slices` daga intanet a jefa ta cikin GOROOT na tsohuwar siga. Wataƙila ta tashi yau, amma ka mallaki rumbun da babu irinsa a kwamfutar kowa, kuma aikinka zai faɗi a wurin duk wanda ka miƙa wa.

Ga wanda dole ta sa ya zauna a 1.18 zuwa 1.20, akwai hanya ta halak: `golang.org/x/exp/slices`, wurin da masu Go suka gwada ƙunshin kafin su shigar da shi rumbu. Sai dai a kula da abu biyu. Sababbin fitowarsa na buƙatar sabuwar kompaila, don haka sai an zaɓi tsohuwa. Kuma ba su yi daidai ɗari bisa ɗari ba: a farkon na gwajin, `SortFunc` na karɓar aikin da ke amsa e ko a'a, na rumbun asali kuwa aikin da ke mayar da lamba yake so.

## Ta ina za a fara?

A karanta saƙon har ƙarshe, musamman adireshin da ya ce ya duba. A tambayi kai: sunan nan na gida ne, na waje ne, ko nawa ne? In nawa ne, `go.mod` za a buɗe a kwatanta sunan modul da abin da ke cikin `import`. In na gida ne, a buga `go version` da `go env GOROOT` da `type -a go` a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. `go list std` na jero duk abin da ke cikin rumbun wannan kompailar, a nemi sunan a ciki. Duk waɗannan ba sa cin ko kilobait ɗaya na data.

In ta tabbata tsufa ne, sai a cire na `apt` da `sudo apt remove golang-go`, a goge tsohuwar `/usr/local/go` in akwai, a sauke sabuwar daga go.dev sau ɗaya, a sa `/usr/local/go/bin` cikin PATH, a rufe taminal a sake buɗewa. A ajiye fayil ɗin da aka sauke a filashi. In aji guda ne ke koyo, mutum ɗaya ya sauke ya isa kowa, matuƙar injinansu iri ɗaya ne: fayil ɗin `linux-amd64` ba zai yi aiki a Raspberry Pi ko sabuwar Mac ba, `uname -m` ne ke faɗa wa mutum irin injinsa. Wanda kuma ke riƙe da tsohon aiki da sabo a lokaci guda ba sai ya zaɓi ɗaya ba. Umarnin `go install golang.org/dl/go1.22.0@latest`, sannan `go1.22.0 download`, zai ajiye masa wannan sigar a gefe da sunanta, ba tare da ta taɓa wadda yake aiki da ita ba.